Ruwan da Na Shiga Ba Sallama

Shekarata ta farko a New York ban sa ƙafa a ruwan da ya wuce na banɗaki ba. Ni da aka haifa a bakin Kwara, a Yauri, a gidan Sarkawa masunta inda yaro ke iya iyo kafin ya iya ɗaura wando, sai ga ni a hawa na biyar a University Heights, mu huɗu a ɗaki ɗaya, tagarmu na kallon bangon wani gini. Sunana Sani. Babana, Allah ya jiƙansa, shi ake kira idan ruwa ya ci mutum a garinmu. Yakan shiga ya lalubo gawar, ya fito da ita a yi mata sutura. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san irin girman kan da na zo da shi, wanda saura ƙiris ya kashe ni.

Mutumin da ya yi mini hanya ya ce akwai aiki a kasuwar kifi yana jirana. Da na iso sai na tarar ashe wankin mota ne, a tsakiyar sanyi, kuma ko shi ɗin sai da na yi sati biyu ina zarya. Shi kuwa ya kashe wayarsa, har yau ban sake jin muryarsa ba. Na yi masa Allah ya isa da daɗewa, yanzu dai na gaji na bari. Wadda ta fara yi mini kallon mutum a garin nan wata maƙwabciyarmu ce 'yar Kumasi, Hajiya Adiza, mai aikin kula da tsofaffi. Ta same ni a matakala ina hura hannuwana da suka tsage.

"Ei, ɗan'uwa, kafra, sannu! Haka kake fita ba jacket? Za ka mutu fa."

Ta shiga ta fito da wata tsohuwar rigar sanyi ta mijinta da kwanon shinkafa da wake mai zafi. Na ci ina ɓoye fuskata don kada ta ga hawaye.

A shekara ta biyu Baba ya rasu. A waya na ji, ina tsaye da tsumma a hannu, kumfa har gwiwa. Ba halin tafiya, don idan na fita ba lallai in dawo ba. Aka binne mutumin da ya yi wa 'ya'yan mutane da yawa rakiya zuwa kabari, ɗan cikinsa yana goge gilashin motar wani.

Bayan nan na koma Staten Island. Wani ɗan kasuwa mutumin Nijar, Alhaji Isufu, ya ɗauke ni aiki a shagonsa na Tompkinsville, inda yake sayar da gero da daddawa da busasshen kifi da goro, ya kuma samo mini ɗaki a Park Hill. Mutum ne mai tsiya da kirki a haɗe. Tun ranar da ya ji asalina ya daina kiran sunana, sai dai Basarke. Duk lokacin da ya aike ni sari cikin gari feri nake hawa, wato jirgin ruwan fasinja, kuma ni kaɗai ne mahaukacin da ke tsayawa a waje ko ana zuba sanyi. Ƙanshin ruwan ba irin namu ba ne, gishiri ne da ƙarfe, amma ruwa ne. Nakan tsaya ina kallonsa ƙirjina na ciwo.

Wata Lahadi na hau bas ina yawon kashe kewa, na sauka a wani bakin teku da ke kusa da wata babbar gada. A nan na fara ganin masu kayak. Ƙaramin kwale-kwale ne na roba, mutum ɗaya yake ɗauka, siriri kamar ɓawon gyaɗa. Wani ya fito da kifi mai zane-zane a jiki wanda ya kai tsawon hannuna, ya tuna mini da giwan ruwa. Ban yi barcin kirki ba a satin nan. Na ga hanyar da zan zama ɗan babana ko da kwana ɗaya ne a mako.

Na samu wani a intanet yana sayar da tsohon kayak, haɗe da ƙaramin injin batir mai farfela, irin wanda ake maƙalawa don ya tura mutum a hankali ba tare da ya kori kifi ba. Ya rantse mini injin na teku ne, ƙarfinsa ya isa ya ja mutum biyu. Fari ne tas, yana ƙyalli. Sai da muka kawo gida Alhaji ya kankare shi da farce, baƙin fenti ya bayyana a ƙasa. Injin tafki ne aka shafa wa farin fenti. Na kira mutumin, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na ce to, Amurka, na gode, wannan karo na biyu ke nan.

A bayan shago na yi aikin haɗawa, Lahadi uku a jere. Na yanko katako mai kauri na gicciya shi a bayan kujera, na huda robar na ɗaure shi da noti huɗu, na shafe ramukan da gam don kada ruwa ya shiga. Bakin katakon ya fito ta dama, a nan na maƙala injin yadda hannuna zai kai ga sitiyarinsa. Batirin kuwa nauyi gare shi kamar dutsen niƙa. Na sa shi cikin akwatin roba a baya na ɗaure da maɗauri. Na sayo anga mai ƙafa huɗu da ke naɗewa, da doguwar igiya sabuwa. Alhaji yana zaune a kan buhun shinkafa yana kallona yana kaɗa kai.

"Bon, Basarke, mi kake nema cikin ruwan ga? Kihi ne babu a shago? Ga shi nan busasshe, ɗauki ka ci, ban hana ka ba."

"Alhaji, kai mutumin tudu ne, ba za ka gane ba."

"Na gane sarai. Wagga roba ce za ka shiga teku da ita? Ko bahon wanki ya hi ta hwaɗi. In ba ka sai life jacket ba, wallahi motata ba ta ɗaukar ka. Jamais, har abada."

Na sayi rigar ceton don in samu mota, ba don na yarda ba. A raina na ce Basarke da rigar kumfa, da Baba ya gani da ya yi dariya har ya faɗi.

Saura ɗaurin anga. A gefen kujera ta dama akwai wani mariƙi mai ƙarfi, a nan na ɗaura igiyar, kusa da hannuna. Kuma na yi mata ƙullin Baba. Wannan ƙulli ina da shekara bakwai ya koya mini shi, da ranƙwashi. A wurinmu idan ƙullinka ya kwance jirgi ya tafi, abincin gida ne ya tafi, kuma za a yi ta ba da labarinka har jikoki. Ƙulli ne da ake ja yana ƙara cijewa. Baba yakan ce ko dorina ce ta ja shi sai dai igiyar ta tsinke. Da na gama na dube shi, sai na ga kamar hannunsa ne ya yi. Ban gaji taru ba, ban gaji jirgi ba, wannan kaɗai na tsallako da shi.

Ana jibi zan fita na kira Inna na gaya mata, ina zaton za ta yi murna. Sai ta ce, "Ka je ka gaida mai ruwan?"

Na san abin da take nufi. A al'adarmu masunci ba ya shiga baƙon ruwa kai tsaye, komai gwanintarsa. Sai ya nemi sarkin ruwan wurin, ya kai masa goro, ya cire takalmi ya zauna ƙasa ya yi tambaya: ina zurfi, ina dutse, ina ake shiga, yaushe ake fita. Na sha raka Baba irin wannan gaisuwa, na ga yadda yake tsugunawa gaban tsofaffin da ba su kai shi iya ruwa ba.

Na yi dariya na ce, "Inna, nan Amurka ce. Ruwa na gwamnati ne, a waya ake cike takarda, kuma na cike."

"Ko ina ne akwai wanda ya riga ka sanin ruwan, Sani. Ka neme shi."

Na ce to, don dai a bar maganar.

Ranar Lahadi da hantsi Alhaji ya sauke ni a bakin ruwan, ya ce zai dawo bayan azahar. Ƙarshen kaka ne, ganye ya zube, iska na cizon kunne, amma rana ta fito. Ina cikin jan kayak a kan yashi sai wani tsohon Bature ya taso daga kan wani ɗan benci. Na sha ganinsa a wurin, kullum da jar hula da kofin shayi, kusa da wani tsohon jirgin gwangwani mai inji. Toni ake ce masa. Ya zagaya kayak ɗina sau biyu, ya taɓa katakon, ya girgiza injin, ya ce aikin ya yi kyau. Kaina ya ƙara girma. Sai idonsa ya sauka a kan ƙullin, fuskarsa ta canja.

Ba zan ce ban ji Turancinsa ba. Na ji komai, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba a ɗaure anga a gefen kayak. Ana shimfiɗa wata siririyar igiya ne daga hanci zuwa wutsiya a kan 'yan tayoyi biyu, da zobe a tsakiya. Igiyar anga ta bi ta cikin zoben, sai mutum ya ja shi gaba ko baya, yadda jirgin zai fuskanci ruwa da tsininsa, ba da haƙarƙarinsa ba. Ya ce kuma ba a yi mata ƙullin dindindin. Ƙullin zarge ake yi wanda fizga ɗaya ke kwance shi, a sa wa igiyar abin da zai sa ta yi yawo a sama, in abu ya ɓaci a sake ta a dawo daga baya a ɗauka.

Wato ni za a koya wa ƙullin da ke kwancewa. Na ji abin har cikin raina. Na ce masa babana da kakana a ruwa suka rayu, a kogin da ya fi wannan tsawo.

Ya ce, "Koginku ina yake gudu?"

Na ce, "Kudu."

"Kullum?"

"Kullum."

"To wannan ba haka yake ba. Yanzu yana kwance ne yana hutawa. Nan da awa ɗaya zai juya ya fita teku da gudu. Kada ya same ka a ɗaure."

Na san ana cewa ruwan teku na cika yana janyewa, na ma ga alamarsa a jikin ginshiƙan tashar feri. Amma na ɗauka irin cikar Kwara ce da damina, a hankali, ba wanda zai ce ga lokacin da ta zo. Na dubi ruwan, lumui kamar an zuba mai a faranti. Na yi masa murmushin da ake yi wa tsoho idan ya fara surutu. Ya gane. Bai ƙara gardama ba, sai ya nuna rigar ceton da na shimfiɗa a kujera don in zauna a kai, ya ce in sa. Na sa don kunya. Ya ciro wata gajeriyar wuƙa mai kube daga aljihunsa, ya maƙala mini a ƙirjin rigar da hannunsa, ya koma bencinsa. Ko godiyar kirki ban yi masa ba.

Na yi bisimilla na tura. Da na murɗa injin ya fara wani siririn kuka, kayak ya tsaga ruwa, wallahi sai na ji kamar an cire mini ƙaya daga maƙogwaro. Shekara huɗu rabona da jin ruwa a ƙarƙashina. Na yi nisa har mutanen bakin teku suka zama ƙanana, na sami wani wuri da na ga tsuntsaye na shawagi, na kashe inji na saki anga. Na ji ta taɓa ƙasa ta kama. Na jefa ƙugiya. Ba a daɗe ba na kama ɗaya, na sake kama wani. Na yi ta magana ni kaɗai, ina cewa Baba ka gani, ka ga ɗanka. Agogo kuwa ko kallonsa ban yi ba.

Abin da na fara lura da shi wata ciyawa ce. Ɗazu tana gefena tana lilo, yanzu ta wuce ni tana tafiya, wata na bin ta. Sai na ji igiyar anga ta miƙe ta yi tauri. Kayak ya juya a hankali ya ba ruwa haƙarƙarinsa na dama, daidai inda na ɗaura. Ruwan da ke kwance ɗazu ya fara wata ƙara a jikin robar, yana taruwa yana hawa. Gefen dama ya fara nutsewa, ga nauyin inji a wannan gefen, ga igiya na ja ƙasa. Ruwa mai sanyi ya zubo mini a cinya.

Na ce ba komai, a ɗaga anga. Na kama igiya da hannu biyu na ja. Ko motsi. Ta shige tsakanin duwatsu. Duk jan da na yi, gefen jirgin nake ƙara dannawa cikin ruwa. Na saki da sauri, na karkata jikina hagu don in daidaita.

A gida idan anga ta maƙale, gaba ake yi a hau kanta a fizge ta ta baya. Na murɗa injin har ƙarshe. Ashe ƙarfinsa bai kai na ruwan ba, injin tafki ne, sai kuka yake yana karkarwa. Wutsiyar ta ɗan juya, igiyar ta yi sako-sako na ɗan lokaci, ta shiga ƙarƙashi. Na ji ƙarar ƙat, injin ya yi shiru. Farfela ta naɗe igiyar.

Yanzu an ɗaure ni a wuri biyu. Na kai hannu ga ƙullin Baba. Ya jiƙe, ya cije, ya zama kamar dunƙulen ƙarfe. Na sa farce, farcen ya karye. Yatsuna sun mutu da sanyi, ba na jin su. Na sunkuya na sa haƙori. Ina kuka ina roƙon ƙulli kamar mutum, ina cewa Baba sake ni, don Allah sake ni. Amma an koya mini shi ne don kada ya saki, kuma na iya shi sosai.

Na ɗaga kai na duba. Babu kowa kusa. Can nesa wani ƙaton jirgin kaya na shigowa ta ƙarƙashin gada, tsayinsa ya fi ginin da nake kwana. Na yi ihu da Hausa, na yi da Turanci, iska ta kwashe. Abin da ya zo mini a rai ba mutuwar ba ce kawai. Na tuna matan da ke tsayawa a bakin Kwara suna jiran Baba ya fito musu da nasu. Na ce ni wa zai shiga ya nemo ni? Ruwan nan teku zai kai ni. Ba wanka, ba likkafani, ba kabari. Inna za ta yi ta kiran waya tana ƙara har batirin ya mutu. Tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, har fitsari ya kuɓuce mini, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Haɓata ce ta bugi wani abu mai tauri a ƙirjina. Wuƙar tsohon. Na zare ta, na ɗora a kan igiyar, ɗan yatsa biyu daga ƙullin. Ko a wannan hali sai da hannuna ya yi jinkiri, don a gidanmu ba a yanka igiyar jirgi. Na rufe ido na yanka. Ta tsinke da ƙara kamar bulala.

Na zaci na tsira. Kayak ya yi wani juyi da ƙarfi, ya tsaya cak. Igiyar na nan naɗe a farfela, yanzu ta baya ake jan mu, wutsiya na nutsewa, ruwa na hawa kan akwatin batir. Dole in kai ga igiyar da ke ƙasan injin. Na juya a kan kujera, na miƙa hannu baya, na ƙara miƙawa. Abin da na sani kawai sama ta koma ƙasa.

Sanyin ruwan ya buge ni kamar an maka mini taɓarya a ƙirji. Numfashina ya ɗauke, bakina ya buɗe da kansa, na haɗiyi gishiri. Ni da nake nutso in daɗe a Kwara har a fara nemana, na kasa ko ɗaga hannu. Rigar kumfar da na raina ita ta cillo ni sama. Allah ya sa hannuna na hagu ya damƙi katakon injin, na dama kuma bai saki wuƙar ba. Ruwa na jan ƙafafuna kamar mutane goma sun kama. Na lalubo ƙarfen injin, na bi shi har farfela, na ji igiyar a miƙe. Na goga wuƙa, na sake gogawa, ban san sau nawa ba. Sai na ji komai ya saki.

Ƙarar ruwan ta ɗauke, don yanzu tare muke tafiya. Na rungume kifaffen kayak, na kasa hawa. Bakin teku na ja da baya, gidaje na ƙanƙancewa. Haƙorana na haɗuwa har na ciji harshe. Na yi kalmar shahada, na maimaita, na fara jin wani barci mai daɗi yana zuwa, na kuma san ma'anarsa.

Ban ji ƙarar injinsa ba sai da ya zo dab. Jar hular na fara gani. Tsohon ya zagayo da jirginsa ta inda ruwan ke kai ni, ya kashe inji, ya kama ni ta kafaɗar riga. Da ƙyar, shi yana ja, ni ina ƙoƙarin hawa, na faɗa cikin jirgin kamar buhu. Ya lulluɓe ni da wani bargo mai warin kifi, ya ɗura mini sauran shayinsa. Bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ɗaure kayak ɗin a baya muka juyo.

Da bakina ya iya motsi na tambaye shi yadda aka yi ya gan ni. Ya ce bai tafi gida ba ne. Matarsa na jiransa su je coci, amma ya san ƙarfe nawa ruwan zai juya, ya kuma ga irin ƙullin da na yi. Tun da na tura ya sauke jirginsa ya zauna a ciki yana kallon agogo.

Alhaji ya iso ya same ni a motar tsohon, an kunna mini zafi, ina rawar ɗari. Ya buɗe baki zai fara tsiya, ya dubi fuskata, ya rufe. Sai da muka isa Park Hill, a ƙofar gida, ya ce, "Sani, Allah ya so tsohuwarka." Ranar ce kaɗai ya sake kiran sunana.

Kwana uku ina kwance da zazzaɓi. Ko na rufe ido sai in ga ciyawar nan tana wuce ni. Ranar Asabar na ce wa Alhaji ya zaɓo mini goro mafi kyau a shagon, fari da ja, manya. Ya naɗe mini a ganye bai tambaye ni na mene ne ba.

Da safiyar Lahadi na sami tsohon a bencinsa. Na cire takalmina a kan yashin nan mai sanyi, na tsuguna a gabansa, na miƙa masa goron da wuƙarsa da hannu biyu. Ya rikice, ya ce in tashi, mutane na kallo. Na ce ba zan tashi ba. Na yi masa bayani da guntun Turancina, cewa a garinmu haka baƙo ke yi wa mai ruwa kafin ya shiga, ni kuma na shiga nasa ba sallama. Ya yi dariya ya ce shi ba sarkin komai ba ne, tsohon mai gyaran famfo ne. Ya ɓantari goron ya tauna, ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci, amma ya haɗiye. Wuƙar kuwa ya mayar mini.

Sannan ya zaro wata 'yar takarda mai layi-layi daga aljihu, ya nuna mini lokutan da ruwa ke shiga da fita a kowace rana. Ya nuna mini inda duwatsu suke da inda ba a sakin anga ko da wasa. Muka huda kayak ɗin muka sa tayoyin nan biyu da zobe. Ya ɗauko guntuwar igiya ya koya mini ƙullin zarge. Sau uku ina farawa hannuna na komawa ƙullin Baba da kansa, shi kuma yana buge mini yatsu yana cewa a sake. A na huɗu na yi daidai. Na fizga, ya warware sumul. Guntun tsohon ƙullin yana nan a mariƙin dama, ya ce a yanke shi, na ce a bar shi, ba abin da yake riƙewa yanzu.

Da yamma na kira Inna. Ban yi niyyar gaya mata komai ba. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, na je na gaida mai ruwan. Na kai masa goro."

Ina jin kukan awaki a bayanta.

Ta ce, "Kafin ka shiga, ko bayan?"

Na fara kame-kame.

"Na ji a muryarka," in ji ta. "Wa ya fito da kai?"

"Shi ne, Inna."

Na ji ta ja numfashi, muryarta ta karye. "Shekara nawa ubanka yana fito wa mutane da 'ya'yansu, ko sau ɗaya bai kawo wa wata uwa nata yana numfashi ba. Ni ga shi an fito mini da nawa da rai." Ta fyace hanci. "Goro nawa ka kai masa?"

Na ce, "Goma."

Ta ce, "Ka koma ka ƙara."